Kama da Wane Ba Ta Wane: Aikatau «Mate» na Maori da Danginsa na Gaskiya

A harshen Maori, wato mutanen asali na ƙasar Niyu Zilan wadda su da kansu suke kira Aotearoa, akwai wani aikatau mai gaɓa biyu, «mate», ma'anarsa mutu. Babu Bahaushen da zai ji wannan kalma kunnensa bai motsa ba, domin ga «mutu», ga «mace», ga «matacce», ga kuma «mata» ta Larabci wadda kowane almajiri ya sani. In aka ƙara da cewa a rubutun Faransanci harafi ɗaya tak ya raba sunan Maori da na Maouri, wato Mawri na ƙasar Arewa da Dogon Dutsi, to an gama haɗa wa mai son labari kayan miyarsa. Abin da ya rage kawai ya hau mumbari ya shaida wa jama'a cewa an gano ƴan'uwanmu da suka ɓata a ƙarshen duniya.

Irin wannan magana ba baƙuwa ba ce a tarurrukanmu na al'adu, ko da ba a kan Maori ake yin ta ba. Yau a jingina Hausa da wannan harshe mai nisa, gobe a jingina ta da wancan, hujjar kuwa kullum iri ɗaya ce: jerin kalmomi biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, masu kama da juna a kunne. A yi tafi, a watse, sannan malami ya kwashi abin ya kai aji, inda yara ba su da ikon musu. Wannan ɓarna ce, kuma da yake da sunan kishin harshe ake yin ta, ta fi wuyar tsawatarwa. Na zaɓi «mate» don in nuna haka saboda kalma ce da masana suka bi sawunta tsaf, aka san danginta, aka kuma san waɗanda suka taɓa ƙaƙaba wa harshenta dangin ƙarya da abin da ya biyo baya.

Kalmar a gidanta

Kafin a nemo wa mutum dangi a waje, a fara sanin sa a gidan ubansa. A bakin Maori «mate» ta fi mutuwa faɗi. Tana nufin mutu, tana nufin rashin lafiya ko rauni, tana nufin shan kaye a fagen yaƙi, tana kuma nufin matsananciyar buƙata: «matekai» yunwa, «matewai» ƙishirwa, domin «kai» abinci ne, «wai» ruwa. In an liƙa mata ɗafa-goshin «whaka-», mai nuna sa wani abu ya faru, sai ta zama «whakamate», kashewa. Akwai al'adar «kawe mate», inda bayan an binne mamaci danginsa ke ɗaukar juyayinsa, sau da yawa har da hotonsa, su kai wa ƴan'uwa na nesa waɗanda ba su sami halartar jana'iza ba. Duniya kuwa ta san kalmar ne ta hanyar rawar «haka» mai suna Ka Mate, wadda Te Rauparaha, shugaban ƙabilar Ngati Toa, ya tsara wajen shekarar 1820, ƴan wasan rugubi na ƙasar, All Blacks, suka yayata ta. A 2014 majalisar dokokin Niyu Zilan ta kafa doka mai tabbatar da cewa shi ne mai ita.

Yadda ake gane dangi

A watan Oktoba na 1769 jirgin Kyaftin Kuk ya isa gaɓar Niyu Zilan ɗauke da Tupaia, wani masanin teku kuma malamin addinin gargajiya daga tsibirin Ra'iatea, kusa da Tahiti. Tsakanin tsibirinsa da inda ya sauka akwai ruwa na kimanin kilomita 4,000, amma da ya yi magana Maori suka fahimce shi, shi ma ya fahimce su. Ga dangi na kusa irin wannan kunne ya wadatar. Ga dangi na nesa kuwa kunne maƙaryaci ne, sai an nemo ma'auni wanda ba ya bin son zuciya, kuma ma'aunin da ilimin kimiyyar harshe ya samu shi ne ƙa'idar canjin sauti.

Ga yadda take aiki. A harshen Hawayi ba a cewa «mate», sai «make». Mai farautar kamanni zai ce ai sun yi kusa, ya wuce. Mai bincike kuwa tambaya zai yi: shin duk inda Maori ke da t, Hawayi k take da shi? Sai ya duba ya ga ido «mata» ne a Maori, «maka» a Hawayi. Uku «toru» ne da «kolu». Abin da aka haramta «tapu» ne da «kapu». Sai ya sake tambaya: to inda Maori ke da k fa? Nan kuma Hawayi hamza take sawa: kifi «ika» da «i'a», kwalekwale «waka» da «wa'a», abinci «kai» da «'ai». Haka nan r ta Maori l ce a Hawayi, ng kuma n ce: biyar «rima» da «lima», sama «rangi» da «lani». Da waɗannan ƙa'idoji a hannu ɗalibi zai iya faɗin kalmar Hawayi tun bai taɓa jin ta ba. A ba shi «mataku», jin tsoro a Maori, ya mai da t zuwa k, ya mai da k zuwa hamza, sai ya sami «maka'u», kuma haka kalmar take a ƙamus. A ba shi «tangata maori», sai ya sami «kanaka maoli», kuma da wannan suna mutanen asali na Hawayi suke kiran kansu. A nan ne ma zancen Mawri ya ƙare, domin «maori» sifa ce mai nufin abin da aka saba da shi, na yau da kullum. «Wai maori» ruwan daɗi ne, wanda ba na teku ba, kuma sai bayan zuwan Turawa kalmar ta zama sunan al'umma, don rarrabe ɗan ƙasa da baƙo.

Ka lura, ya mai karatu, da bambancin hanyoyin nan biyu. Mai jerin kamanni yana tsince abin da ya dace da muradinsa, ya rufe ido ga sauran. Mai ƙa'ida kuwa ya ɗaure kansa: in ya ce t tana komawa k, wajibi ne ta koma a ɗaruruwan kalmomi, in ta ƙi kuma ya kawo dalili, ko ya janye maganarsa.

Mutuwa da hanta

Yanzu mu fita daga tsibiran Polinesiya, mu kuma ɗauki wa «mate» abokiyar tafiya, wato «ate», hanta. Babu abin da ya haɗa su a ma'ana, sai dai ƙarshensu ɗaya ne, saboda haka duk abin da ya sami ƙarshen ɗaya ya kamata ya sami na ɗayar. A Hawayi «make» da «ake». A Tonga «mate» da «'ate». A Fiji «mate» da «yate». A harshen Malay na Maleshiya da Indunusiya «mati» da «hati». A Tagalog na ƙasar Filifin «mamatay» da «atay». A Malagasi na Madagaskar «maty» da «aty». Harsuna shida ke nan ban da Maori, daga tsakiyar tekun Pasifik har bakin gaɓar Afirka, kuma a kowanne kalmomin biyu tare suka canja, kamar tagwaye. Inda aka riƙe tsohon ƙarshen «-ay», an riƙe a duka biyun. Inda ya koma «-i» ko «-e», ya koma a duka biyun. Dace ba ya yin irin wannan aiki.

Akwai shaida wadda ta fi wannan ɓoyuwa, ta kuma fi ta ƙarfi. Kalmomin Maori duka da wasali suke ƙarewa, amma in aka juya aikatau zuwa sigar da ke nuna an yi wa abu aiki, sai wani baƙi ya ɓullo wanda ba a san daga ina ya fito ba. Sha «inu» ne, amma abin da aka sha «inumia». Binne «tanu» ne, wanda aka binne «tanumia». Kuka «tangi» ne, wanda aka yi wa kuka «tangihia». Me ya kawo m a can, me ya kawo h a nan? Amsar tana Malay, inda sha yake «minum», shuka ko binnewa «tanam», kuka «tangis». Baƙin ƙarshe da Maori ta yar tun da daɗewa yana nan kwance a ƙarƙashin ɗafa-ƙeya, kuma s ta dā h ce a Maori. Harshe na iya aron kalma daga maƙwabci, amma ba ya aron tabon da ke jikin kakansa.

Wannan iyali shi ake kira Ostronesiya, mai harsuna sama da 1,200. Ba rana ɗaya aka gano shi ba. A 1603 Frederick de Houtman, mutumin Holan, ya buga littafin kalmomin Malay da Malagasi. Wajen 1708 Adriaan Reland ya lura cewa zumuntar ta kai har tsibiran Pasifik. Wilhelm von Humboldt ya yi mata dogon nazari a littafinsa kan harshen Kawi, wanda ya fito tsakanin 1836 da 1839. Otto Dempwolff, likita Bajamushe da ya koma nazarin harshe, shi ne ya ɗora abin bisa ƙa'ida a juzu'i uku tsakanin 1934 da 1938, inda ya fara da kwatanta harsuna uku kacal, Tagalog da Toba-Batak da Jawa, sauti bayan sauti, kafin ya gwada sakamakon a kan sauran. A 1951 Otto Christian Dahl ya nuna cewa ɗan'uwan Malagasi mafi kusa shi ne Ma'anyan na kudu maso gabashin tsibirin Borniyo, fiye da kilomita 7,000 daga Madagaskar. Saboda haka in har ana neman dangin «mate» a nahiyarmu, to akwai shi, a Antananaribo yake, kuma a cikin jirgin ruwa ya zo a cikin shekaru dubu na farko na miladiyya.

Harafin da ba na saiwa ba

To ina «mutu» a cikin wannan duka? Abin da ya ja hankalin kunne baƙaƙe biyu ne, m da t. Mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

A Tagalog mutuwa «mamatay» ce, amma matacce «patay» ne, kashewa «patayin». A Jawa «mati» mutu, «pati» mutuwa. A Malagasi «maty» mutu, «faty» gawa, domin p ta dā f ce a can, kamar yadda bakwai take «pito» a Tagalog, «fito» a Malagasi. Wato m tana zuwa tana tafiya, p na maye gurbinta. Dalili shi ne dukansu biyu ɗafa-goshi ne: «ma-» na nuna halin da abu yake ciki, «pa-» na nuna jefa shi cikin halin. Wannan «ma-» tana nan a Maori har yau: «ringi» zuba, «maringi» zube. Ita ce kuma a «mataku», wadda saiwarta take tsirara a Malay «takut» da Tagalog «takot», yayin da Malagasi ke da duka biyun, «tahotra» tsoro, «matahotra» jin tsoro. Ashe m ɗin «mate» riga ce da kalmar ta sa, har ta manne mata a jiki.

Saura t. Tushen wannan iyali yana tsibirin Taiwan, inda Robert Blust ya nuna a 1999 cewa tara daga cikin manyan rassa goma na Ostronesiya suke. Duk sauran harsunan, daga Madagaskar har tsibirin Rapa Nui, reshe ɗaya ne da ya fita. Wasu harsunan Taiwan sun riƙe wani bambanci da ya ɓace a waje. A harshen Paiwan uku «tjelu» ce, da irin t ɗinta, amma mutuwa da hanta da ido suna da wani sauti dabam, kusa da ts: «matsay», «qatsay», «matsa». Wannan ya nuna cewa a bakin kakanni, shekaru kimanin 5,000 da suka wuce, sautuka biyu ne, daga baya suka narke suka zama t ɗaya. Masana suna rubuta na biyun da babban harafi C, su kuma sa wa kalmar tauraro don nuna cewa sake gina ta aka yi, ba a same ta a rubuce ba: *ma-aCay, mutu, *pa-aCay, kashe. Saiwar ita ce *aCay. Babu m a cikinta, abin da ke tsakiyarta kuma ba t ba ne.

A Larabci kuwa saiwar m-w-t ce, kuma m ginshiƙi ce, ba ta motsi: «mata», «yamutu», «maut», «mayyit». Ga gwajin da ya kamata kowane malami ya riƙe: dangi na gaskiya, in ana komawa baya, ƙara kama da juna suke yi har su haɗe, masu kama ta dace kuwa, da an koma baya sai su rabu. «Mate» da «maty» da «matsay» sun haɗe a *ma-aCay. «Mate» da «mata» ta Larabci, da aka koma baya, ba su bar ko harafi ɗaya tsakaninsu ba.

Hasali ma kalmar Larabci ta isa yankin, kuma ana gane ta da ganin farko. Malay tana da «maut» da «mayat», aro ne daga Larabci bayan zuwan Musulunci, suna zaune gefe da gefe da «mati» ta gado. Babu su a Maori, babu su a Hawayi, domin fatake da malamai ba su kai can ba. Aro yana bin hanyar fatauci, yana tsayawa inda ayari ya tsaya.

«Mutu» da nata dangin

Abin takaici a nan shi ne Hausa ba ta rasa dangi ba, balle a je nemo mata na ƙarya. «Mutu» ƴar'uwar «mata» ta Larabci ce ta jini, tare da «mawet» ta Ibrananci, da «mwt» ta tsohon harshen Masar, da «yemmut» ta Kabil cikin harsunan Barbar, dangin Tamajaq. Amma ba kamannin ne suka tabbatar da haka ba. Abin da ya sa aikin Joseph Greenberg, wanda ya kammalu a littafinsa na 1963, ya karɓu wajen sanya harsunan Cadi cikin iyalin Afro-Asiya, shi ne ginin harshe: «ka» da «ki» da «ku» namu da -ka da -ki da -kum na Larabci, t mai nuna mace a «ta» da «ita», ɗafa-goshin «ma-» mai gina sunan wuri da na kayan aiki, «makaranta» da «mabuɗi» a nan, «maktab» da «miftah» a can, sannan samun saiwar «mutu» a sauran harsunan Cadi masu yawa waɗanda ba su yi cuɗanya da Larabci ba. Ka ga ita ma Hausa tana da «ma-», Ostronesiya tana da «ma-», amma aikinsu bai haɗu ko'ina ba, wata kama ce ta dace a kan ta farko. Ita kuwa «mace», wadda ta fi kowace kama da «mate» a ido, ƙa'idar cikin gida ce ta haife ta: t tana komawa c a gaban e da i, kamar «sata» da «sace», «mota» da «motoci».

Wani zai ce, to ma'anar fa? Maori suna faɗin «mate» ga wutar da ta mutu, Malay suna cewa fitila ta «mati», mu ma muna cewa wuta ta mutu, agogo ya mutu, aure ya mutu. A Hawayi «makemake» so ne, mu ma muna cewa wane ya mace a kan wance. Wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne ƴan Adam tunaninsu ɗaya ne game da mutuwa. Bafaranshe ma yana mutuwa don yunwa da don so, da aikatau «mourir», wanda saiwarsa ta Latin m-r ce, ba ta da alaƙa da ɗaya daga cikinsu.

Lissafin dace

Ga malaman lissafi, wannan aikin minti biyu ne. Maori na da baƙaƙe 10 da wasula 5, kuma kowace gaɓa ko dai baƙi da wasali ce, ko wasali kaɗai. In aka ajiye tsawon wasali gefe, gaɓoɓi 55 ke nan, kalmomi masu gaɓa biyu da za a iya ginawa kuma 55 sau 55, wato 3,025. Hausa ma ta fi son gaɓar baƙi da wasali. In an zuba ƙamus biyu masu dubban kalmomi a cikin wannan ƙaramin akushi, tilas su yi karo. Shi ya sa Maori ke da «kai», da «wai», da «mana», da «haka», da «hau», da «kura», da «mata», dukansu kalmomin Hausa ne tsaf a ido, babu kuma ɗaya da ta dace a ma'ana: «hau» iska ce, «mata» ido ne ko fuska. Daga cikin ɗaruruwan karo irin wannan, dole a sami ƴan kaɗan da ma'anarsu ma ta kusanto, kamar «kuri» da kare, kamar «mate» da mutu. Mai farauta sai ya nuna waɗannan biyu ya ɓoye ɗari. A Girkancin yau ido «mati» ne, a Malay «mata», alhali ta Girka guntuwa ce ta tsohuwar kalma «ommation». A harshen Mbabaram na Ostireliya sunan kare daidai yake da na Ingilishi, harafi da harafi, kuma an tabbatar ba aro ba ne.

Wa ya ci ribar dangin ƙarya?

Kada a ɗauka wannan wasa ne marar cutarwa. Maori sun ɗanɗana shi. A 1855 Richard Taylor, ɗan mishan, ya kawo ra'ayin cewa su ɓatattun ƙabilun Bani Isra'ila ne. A 1885 Edward Tregear ya buga littafi mai suna The Aryan Maori, inda ya ce su Ariyawa ne, dangin mutanen Indiya da na Turai, har ya tono wa harshensu burbushin sunayen shanu, dabbar da ba su taɓa gani ba kafin zuwan Turawa. A 1907 Daniel Macdonald, ɗan mishan a tsibirin Efate, ya ce harsunan tekun duka daga dangin Larabci da Ibrananci suka fito. Mutum uku, asali iri-iri, hanya ɗaya. Tun a 1886 wani lauya, A. S. Atkinson, ya mayar wa Tregear martani na ba'a, inda ya ɗauki hanyarsa ya tabbatar da ita abubuwan ban dariya, don ya nuna cewa mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa ba mabuɗi ba ne.

A dubi kuma lokacin. Dokar ƙwace filayen Maori ta fito a 1863, sojojin gwamnati sun afka wa ƙauyen Parihaka a 1881, ƙidayar 1896 ta nuna yawan Maori ya faɗo zuwa kimanin 42,000. A tsakiyar wannan ne aka ce musu su ƴan'uwan Ingilishi ne da aka daɗe ba a gani ba. Mamaya ta koma ziyarar zumunta ke nan. A ƙarƙashin yabon kuma akwai zagi: wai mutanen da suka ƙetare mafi girman teku a duniya da kwalekwale, suka sauka Niyu Zilan tsakanin 1250 da 1300, ba za su iya zama abin da suke ba sai da jinin wani. Mu ma mun san wannan yabo. A 1912 Carl Meinhof ya tara Hausa da Fulatanci da Masai da Nama cikin jaka ɗaya ta «Hamitawa», a zamanin da ake ɗauka cewa duk wani abin kirki a Afirka baƙi masu hasken fata ne suka kawo shi. Ƙa'idar kwatance ce ta rushe wannan jaka. Wanda ya yar da ƙa'ida yau don ya ɗaukaka harshensa, ya yar da makamin da ya ƙwato shi jiya.

Amsa ga masu ja

Za a ce da ni, irin waɗannan labarai suna ƙarfafa zuciyar wanda aka raina. Akwai gaskiya a ciki, domin shugabannin Maori irin su Te Ua Haumene a 1862 da Te Kooti a 1868 sun kamanta al'ummarsu da Bani Isra'ila, suka sami ƙarfin jure zalunci. Amma wannan wa'azi ne da misali, kuma malamin makaranta ba a ɗauke shi aiki don ya ba da misali a matsayin tarihi ba. Yaron da aka gina wa alfahari a kan jerin kamanni, ranar da ya shiga jami'a aka rushe masa jerin cikin awa guda, zai yi shakkar har gaskiyar da aka koya masa.

Za a kuma ce, ai manyan masana ma sun yi haka. Ƙwarai kuwa. Franz Bopp, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ilimin kwatanta harsuna, ya yi ƙoƙari a 1841 ya haɗa harsunan Malay da Polinesiya da Sanskrit, abin bai tsaya ba, girman sunansa kuma bai cece shi ba. Tregear shi kansa ya bar ƙamus na kwatanta harsunan Polinesiya a 1891 wanda aka daɗe ana amfana da shi, domin a can dangi na gaskiya ya jera. Ana auna aiki ne da hanyarsa.

Za a ce a ƙarshe, wa ya sani, wataƙila dukan harsunan duniya tushensu ɗaya. Ko da haka ne, «mate» ba za ta ba da shaida a wannan shari'a ba, tun da an riga an nuna cewa m ɗinta ɗafa-goshi ce, t ɗinta kuma sabuwa ce.

Abin da ya rage gare mu

Ba asalin Ariyawa ne ya ceci harshen Maori ba. Bayan dokar makarantu ta 1867 koyarwa ta koma Ingilishi, tsararraki da dama na yara suka sha bulala don sun yi harshen uwarsu a harabar makaranta, har aka ji tsoron harshen zai «mate». A ranar 14 ga Satumba 1972 aka miƙa wa majalisa takardar koke mai sa hannun mutane fiye da 30,000. A 1982 aka buɗe Kohanga Reo ta farko, wato sheƙar harshe, inda tsofaffi ke renon jarirai da Maori zalla. A 1987 doka ta mai da shi harshen hukuma. Kakanni mata da ke zaune da jikoki su ne suka yi wannan aiki.

Saboda haka, ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, ga abin da nake roƙo. Duk wanda ya zo mana da jerin kalmomi, mu karɓe shi da mutunci, sannan mu yi masa tambaya huɗu kafin tafi. Wace ƙa'idar sauti ce ta haɗa su, kuma a kalmomi nawa take aiki? Mene ne tsohuwar sigar kowace kalma? Wane ɓangare ne saiwa, wanne ne ɗafi? An tabbata ba aro ba ne? A aji kuwa, darasi ɗaya ya isa: a rubuta kalmomin Maori goma a allo tare da na Hawayi biyar, a bar yara su gano ƙa'idar su cike sauran biyar da kansu, sannan a ba su «sata» da «sace», «gudu» da «guje», «fansa» da «fanshe», su ga cewa harshensu ma da ƙa'ida yake tafiya. Yaron da ya yi wannan aiki sau ɗaya da hannunsa, ba mai sake sayar masa da dangi a kasuwa.